Naman Meksiko a tukunyar sannu-sannu: me ya sa nawa ya fito tsululu, ga yaji kamar wuta?

"Assalamu alaikum Anti. Yayata ce ta kawo min tsarabar tukunyar lantarki daga Ingila, irin wadda ake zuba abinci da safe a bar shi yana dahuwa a hankali har yamma. Na ga wani girkin naman sa na 'yan Meksiko a intanet, na ce bari in yi wa maigida. Na sayi tsokar cinya kilo ɗaya da rabi, mai kyau, babu kitse ko kaɗan. Sun ce a sa chili powder cokali uku, na sa garin barkono cokali uku, na zuba ruwa ya sha kan naman, na bar shi awa shida. Wallahi Anti abin da ya fito ba a magana: romo tsululu, nama fari fat yana maƙale wa mutum a haƙori kamar zare, yaji kuwa har yara suka yi kuka. A ina na kuskure? Kuma barkonon nan nasu masu sunaye iri-iri, da me zan maye gurbinsu a nan Kaduna?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, kuma sannu da asarar nama a wannan tsadar. In na fahimce ki, abu uku ne suka taru a tukunya ɗaya: yaji ya yi yawa amma babu ɗanɗano, nama ya dahu amma ya bushe, romo kuma ya ƙi yin kauri. Kowannensu da dalilinsa daban, kuma duka ukun ba laifin tukunyar ba ne. Ni ma karona na farko haka na yi, har na tura tukunyar can ƙarshen kabad ta kusa shekara. Sai da zama ya haɗa mu da wata maƙwabciya 'yar jihar Jalisco ta Meksiko, ana furta sunan Halisko, lokacin da muke Houston ta jihar Teksas, na tsaya a kicin ɗinta na ga da idona inda gizo ke saƙar.

Wane girki ne ma wannan?

Ba ki faɗi sunan girkin ba, amma naman sa da ake dafawa har ya dagargaje cikin jar miyar barkono, kusan koyaushe ɗayan biyu ne: barbacoa ko birria. Kalmar barbacoa Sifaniyawa suka ji ta a bakin mutanen Taino na tsibiran Karebiyan a farkon shekarun 1500. A Meksiko sai ta zama sunan gashin rami. A jihar Hidalgo, inda abin ya fi shahara, rami ake haƙawa a hura wuta har duwatsu su ɗau zafi, a naɗe naman rago da ganyen maguey, wani tsiro mai faffaɗan ganye mai kauri, a ajiye tukunya a ƙasan naman tana tare romon da ke ɗiga, a rufe ramin da ƙasa ya kwana. Da safe a tono. A arewacin ƙasar da kudancin Teksas, inda kiwon shanu ya fi yawa, kan sa ake yi da shi, musamman naman kumatu, kuma abincin safiyar Lahadi ne. Ita kuwa birria 'yar Jalisco ce, asalinta da naman akuya, mai romo ce, ja wur. Ta naman sa a birnin Tijuana ta yi suna, daga can ta tsallaka Los Angeles, daga nan kuma ta cika wayoyinmu.

Shanu da awaki da tumaki duk baƙi ne a can, Sifaniyawa ne suka kai su bayan sun ci daular Aztek a 1521. Barkono kuwa ɗan gida ne, an yi dubban shekaru ana noma shi a Meksiko kafin ya iso mana ta hannun 'yan kasuwar Fotugal. Wato tattasai da attarugu da tumatir da muke ganin kamar da su aka halicci miyarmu, daga nahiyarsu suka fito. Na kawo wannan ne don ki kwantar da hankalinki game da tambayarki ta biyu: abin da ke kasuwar Kaduna dangin nasu ne na jini.

Ki lura da abu ɗaya a labarin ramin nan. Wuta ce marar ƙarfi, wuri ne rufaffe, tururi ba ya fita, lokaci kuma mai tsawo. Tukunyarki rami ce da aka sa wa waya. Abin da ba za ta ba ki ba shi ne hayaƙi da ƙamshin ganyen, sai dai mu yi dabara mu kusanto su.

Barkonon shi ne miyar

Kuskuren da ya sa yara kuka daga suna ya fito. Abin da Amurkawa ke kira chili powder gauraye ne: garin busasshen barkono marar zafi, da kumin, da tafarnuwa, da oregano, wani lokaci har da gishiri. Tun shekarun 1890 wani mutum mai suna William Gebhardt ya fara sayar da shi a Teksas. Cokali ukunsa a kilo da rabi na nama daidai ne. Garin barkonon da muke sa wa yaji kuwa zafi ne zalla. Kamar a ce miki ki sa yajin ƙuli cokali uku ne, ke kuma ki ɗebo dakakken barkono tsagwaronsa.

Amma ko da kin sami garin nasu na gaskiya, da na ce ki ajiye shi. Matan Meksiko ba da gari suke wannan girkin ba. Busasshen barkono guda-guda suke jiƙawa su markaɗa, kuma shi ne jikin miyar, yadda tumatir yake jikin jar miyarmu. Abin da ya fi ba ni mamaki ranar da na fara gani shi ne yawansa: maƙwabciyar tawa ta cika kwano da barkono, na ce a raina yau sai asibiti. Da na ɗanɗana markaɗen sai na ji zaƙi-zaƙi da ɗan tsami da garɗi, yajin can baya yake, bai kai na miyar da nake yi wa yara ba.

Guda huɗu za ki riƙa cin karo da sunayensu. Guajillo, a furta gwahiyo, dogo ne mai santsin fata, shi ke ba da jan launi da ɗan tsami. Ancho, a furta anco, faffaɗa ne baƙi-baƙi mai yamutsattsiyar fata, ɗanɗanonsa kamar zabibi, shi ke ba da kauri da zaƙi. Chipotle barkonon jalapeño ne da aka busar a kan hayaƙi, galibi a gwangwani ake samunsa cikin miya, shi ke kawo ƙamshin wuta. Sai árbol, ɗan siriri, aikinsa yaji kawai. Akwai ma'aunin zafin barkono da wani masanin magunguna, Wilbur Scoville, ya fito da shi a 1912. A kansa ancho yana tsakanin 1,000 zuwa 2,000, guajillo 2,500 zuwa 5,000, árbol 15,000 zuwa 30,000. Habanero, wanda jinsinsu ɗaya da attarugunmu, daga 100,000 yake farawa har 350,000. Kin ga tazarar. Barkonon da ake cika kwano da shi, attarugu ɗaya ya ninka zafinsa sau gommai.

To da me za ki maye? Kauɗar tattasai ita ce ginshiƙi. Ki zaɓi mai duhun ja wadda take lanƙwasuwa ba ta karye ba, ki shinshina, in kin ji warin ruma ko kin ga fari-fari a cikinta ki bar ta. Ita za ta tsaya a wurin guajillo da ancho a tare. Busasshen shambo zai ƙara launi da matsakaicin yaji. Zaƙin ancho da tattasai ba shi da shi, dabino biyu ko ɗan zabibi a cikin markaɗe suna cike gurbin. Hayaƙin chipotle kuwa, ko ki gasa ɗanyen tattasai biyu a kan garwashi har fatarsu ta yi baƙi ki ɓare ki haɗa, ko ki sa barkonon Kamaru, wannan mai duhu mai ƙamshin hayaƙi, amma a bakin ƙaramin cokali, don zafinsa ba na wasa ba ne. Ba zan ce miki zai fito sak da na Jalisco ba. Wanda ya saba da ancho zai gane babu shi daga lomar farko. Amma zai fito abinci mai daɗi na dangin wancan, kuma na sha ba baƙi shi a haka kwano ya dawo wayam.

Yaji kuma a ƙarshe ake daidaita shi. Sinadarin da ke kawo raɗaɗin ya fi taruwa a farin jijiyar nan ta cikin barkono inda 'ya'yan suke maƙale, don haka in kin tsaga kin kankare ta, kin rage kaso mai yawa. Tunda da yara a gidan, dabarata ita ce in jefa attarugu ɗaya cur, ba tare da na fasa shi ba, in tsame shi kafin in yayyaga naman. Ƙamshinsa zai shiga, zafinsa kaɗan. Maigida in yana son ya yi gumi, a yi masa jajjage daban a gefe. Haka su ma suke yi, miyar yaji mai suna salsa a ɗan kwano take zuwa, kowa ya ɗiba gwargwadon bakinsa.

Abin da za ki ce wa mahauci

Kin ce kin sayi tsoka mai kyau babu kitse. Ga dambu ko kilishi, kin yi zaɓi. Ga wannan girkin kuwa kin ɗauko wadda ta fi kowacce rashin dacewa. Duk tsoka in ta ji zafi matsewa take yi ta fitar da ruwanta, ko da cikin ruwa take iyo. Shi ya sa nama zai iya kwana a romo ya fito a bushe. Abin da ke ceton sa shi ne jijiya da farar tantanin nan da ke ratsa tsoka. In suka daɗe a zafin da ya haura digiri 70 a ma'aunin Selsiyos, narkewa suke yi su zama wannan danƙon da kike ji a leɓe in kin sha farfesun ƙafar sa. Danƙon ne ke lulluɓe zaren naman ya sa shi laushi da santsi. Cinya ba ta da jijiyar da za ta narke, sai ta matse kawai ta zama zare.

Ki ce wa mahauci ya ba ki kafaɗa ko wuya ko ƙirji, ya haɗa miki da ƙwauri mai ƙashi da ɓargo. In an sami kumatu, babu kamarsu, su ne barbacoa ta asali. Jela ma tana gyara romo ƙwarai. Sannan muna da abin da yawancin masu rubuta girke-girken nan ba su da shi, wato tozo. Shanunmu na kiwo ne, sun sha tafiya, sun fi na Amurka da ake turkewa yawan shekaru da ƙarancin kitse. Don haka nakan sa tozo kamar kwatan kilo a cikin kilo ɗaya da rabi, kuma nakan ƙara awa ɗaya ko biyu a kan abin da aka rubuta. A yanka manya-manya, kowane kamar dunƙulen hannu. Ƙananan yanka kafin jijiya ta narke sun riga sun bushe.

Ga wata ƙa'ida da za ta raba ki da ruɗani nan gaba. In kin soka cokali mai yatsu kin ji naman yana turjewa kamar roba, bai isa ba ne, ki rufe ki ƙara masa lokaci. In kuwa yana rabuwa amma a baki kamar auduga, ko ya wuce ko tun farko ba yankan da ya dace ba ne. Awa shida a ƙaramar wuta, ga naman shanunmu, da wuya ya isa.

Halin tukunyar

Wani Ba'amurke, Irving Naxon, shi ya ƙirƙiro ta, ya sami rajistar mallakarta a 1940. An ce tunanin ya zo masa ne daga labarin da mahaifiyarsa ta ba shi na wani dafaffen wake na Yahudawan Lituweniya da ake kaiwa gidan burodi ya kwana a ragowar zafin tanda. Kamfanin Rival ya sayi nasa a 1970, ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971, sunan da har yau mutane da yawa ke kiran kowace irinta da shi. Tukunyar tangaran ce zaune cikin gidan ƙarfe mai ɗumama ta, ba ta wuce ɗan ɓararraka a gefe-gefe. A yawancinsu bambancin Low da High, wato ƙaramar wuta da babba, shi ne saurin kaiwa ga wannan zafin.

Abu biyu ne ba ta iyawa, kuma su ne suka ba ki romo tsululu da farin nama. Na farko, ba ta ƙafar da ruwa. Tururi ya hau murfi, ya zama raɓa, ya koma ciki. Nama zai fitar da nasa ruwan, albasa ta fitar, tumatir ya fitar. In kin zuba ruwa ya sha kan nama kamar za ki yi farfesu a kan gas, abin da kika zuba zai ƙaru ne. Kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishi kilo da rabi, ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku na tsayin naman. Za ki ga kamar zai kama. Ba zai kama ba. Na biyu, ba ta suya. Wannan launin ƙasa-ƙasa da ƙamshin da nama ke yi in ya taɓa kasko mai zafi, sai zafi ya wuce na tafasar ruwa nesa yake samuwa, ita kuwa ba ta kaiwa can. Saboda haka duk wani aikin suya a waje za ki yi shi kafin ki zuba. Masu cewa a juye komai ɗanye a rufe a tafi, gaskiya ne zai dahu, amma ƙarni da gafi za su biyo shi.

Ki cika ta tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku. Kuma ki daure ki bar murfin. Kowace buɗewa zafin da ya taru ke tafiya, sai ta ɗau mintuna kafin ta farfaɗo. Na san hannu yana ƙaiƙayi, mun saba da juya miya.

Yadda nake yi

Tun da daddare nake barbaɗa wa naman gishiri, babban cokali ɗaya a shafe ga kilo da rabi, in sa a firji. Da safe in ɗora busasshen kasko a matsakaiciyar wuta in gasa barkonon bayan na cire hanci da 'ya'ya. In na Meksiko ne, guajillo shida, ancho uku, árbol biyu, sai chipotle biyu daga gwangwani waɗanda ba sa buƙatar gashi. In namu ne, kauɗar tattasai cikin tafin hannu biyu da shambo biyar. Nan ne wurin da za ki tsaya a kai ƙyam. Daƙiƙa 20 zuwa 30 kowane gefe, da kin ji ƙamshi ya tashi ki sauke. Busasshen barkono in ya ƙone, ɗacinsa ba ya gyaruwa, ba da sukari ba, ba da komai ba. Na taɓa juya baya in amsa waya, na ce ai kaɗan ne ya yi baƙi, na ci gaba. Awa tara na jira tukunyar da ba ta ciyu ba. Tun daga ranar, in ya ƙone zubarwa nake yi in sake.

Sai in zuba musu ruwan zafi su jiƙa minti 20. Kafin nan, a kaskon dai, in gasa albasa ɗaya da na raba huɗu, da tumatir biyu, da tafarnuwa ƙwaya shida da ɓawonta, har su yi ɗigo-ɗigon baƙi. Ki ɗanɗani ruwan jiƙon. In babu ɗaci ki yi markaɗe da shi, in akwai ki zubar ki sa romon ƙashi ko ruwa. A bilenda za a haɗa barkono da gasassun nan, da kumin ƙaramin cokali ɗaya, oregano ɗaya, masoro rabi, kanumfari huɗu, kirfa ɗan guntu kamar gaɓar yatsa, da ruwan khal babban cokali uku. Kumin shi ne wanda masu shagon kayan Larabawa ke kira kamun, kar a ba ki habbatus sauda a madadinsa. Oreganon Meksiko wani tsiro ne daban da na Turai, ya fi shi ƙamshin lemo, amma na Turan ma ya yi, in babu ki sa tayim kaɗan. In babu khal, ruwan tsamiya mai kauri yana aikin. Kori kuwa ki ajiye shi, da kin sa girkin ya koma wata ƙasa. Magi ɗaya ba laifi, amma ki rage gishiri.

Markaɗen sai an tace shi a rariya, musamman in da guajillo ko kauɗa, don fatarsu ba ta narkewa, tana maƙale wa mutum a maƙogwaro. Daga nan in tsane naman da kyau, in zuba mai kaɗan a tukunya mai kauri, in soya shi kashi-kashi, kar a cunkusa, har kowane gefe ya yi ja. In kwashe, in juye markaɗen cikin man da ya rage. Zai yi tsalle, ki yi hattara da hannunki. Minti biyar zuwa takwas ana juyawa, har launin ya yi duhu mai ya fara tasowa. Wannan suyar markaɗen ita ce matakin da girke-girken intanet suka fi tsallakewa, kuma ita ce ke kashe gafi. Mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, wa ke zuba ɗanyen kayan miya a kan nama ya ce ya yi miya?

Nama a tukunyar sannu, masu ƙashi a ƙasa, miya a kai, a ɗauraye tukunyar suyar da kofi ɗaya na ruwa a zuba ta gefe, ganyen bay biyu, attarugun nan guda, a rufe. Awa takwas zuwa goma a Low, ko biyar zuwa shida a High. Na fi son Low, naman ya fi fitowa luguf.

In ya yi, ki tsame naman ki yayyaga shi da cokula biyu, manyan zare, ba irin na dambu ba. Ki kwashe jan man da ya taso a sama ki ajiye, kar ki zubar. Romon ki ɗanɗana. In barbacoa kike so, ki juye shi a tukunya ki tafasa a buɗe a kan wuta har ya tsotse ya koma rabi, ki mayar da naman ciki ya sha minti 15. In birria ce, ki bar shi da ruwa-ruwansa a sha a kofi. A nan ne ake gyara gishiri a matse lemun tsami. Doguwar dahuwa tana kwantar da ɗanɗano, tsamin ƙarshe ne ke tada shi, kuma sau da yawa in mutum ya ce abinci ya yi salam, rabin lemun tsami ne ya rage masa.

Maganar wuta

Ga inda zan fi ja miki kunne, don waɗanda suka rubuta girkin da kika gani ba su san a ɗauke wuta da tsakar rana ba. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa a abinci da sauri. Tukunyar nan a hankali take ɗaukar zafi, don haka in aka ɗauke wuta tana awa na biyu, nama zai zauna a ɗumi cikin rufaffen wuri, ga zafin gari. In kina gida kin ga lokacin da aka ɗauke, ki juye a tukunyar ƙarfe ki ƙarasa a kan gas ko gawayi nan take. Tangaran ɗin kar ki ɗora shi a kan wuta, fashewa zai yi. In kuwa ba kya nan, kin dawo kin tarar da ita a kashe ba ki san tun yaushe ba, shawarar masana lafiyar abinci ita ce a zubar, ko da ya yi kama da dafaffe. Na san da ciwo. Amma wasu ƙwayoyin suna barin dafin da sake tafasawa ba ya kashe shi. Saboda wannan dalilin ne ma ba a sa daskararren nama daga firiza kai tsaye, sai ya saki a firji tukuna.

Daɗin abin, ba ta cin wuta. Yawancin matsakaita wajen wat 200 suke ja, dutsen guga ya ninka ta sau biyar. In kuna da inbata ko sola, ki duba lambar da ke rubuce a gindinta ki nuna wa wanda ya haɗa muku, sau da yawa tana ɗauka. In babu, ki bari sai ranar da kike gida. Taki daga Ingila ta zo, ƙarfin wutarsu ɗaya da namu, babu matsala. Wadda aka kawo daga Amurka ce ke aiki da bolt 120, in aka soka ta a bangonmu ba tare da taransifoma ba, ta tafi kenan. Kuma in wuta ta ƙi gaba ɗaya, girkin bai mutu ba: tukunya mai kauri da murfi mai kamawa, a kan garwashi ko gas can ƙasa, awa uku zuwa huɗu, sai dai a nan za ki ƙara ruwa ki riƙa leƙawa. Tukunyar firesha kuwa kamar awa ɗaya.

Wata rana za ki ci karo da girkin da ake haɗa naman da jan wake mai siffar ƙoda. Ɗanyensa na da wani sinadari mai sa amai da gudawa, kuma zafin tukunyar sannu ba lalle ya kashe shi ba. Sai an jiƙa shi an tafasa shi sosai a kan wuta aƙalla minti 10 kafin ya shiga. Na gwangwani ya riga ya dahu.

Da me za a ci?

A can da tortilla ake ci, wani siririn fanke na masarar da aka dafa da ruwan farar ƙasa kafin a niƙa. Garin masararmu na tuwo ba zai haɗu ya yi ta ba. Amma arewacin Meksiko, irin su Sonora, ta fulawa suke ci, don haka burodin shawarma da ake sayarwa a leda bai kauce hanya ba. Ki shafa masa jan man nan da kika ajiye, ki ɗora a kasko, ki zuba nama da cukuwi mai narkewa in kina da shi, ki ninke, ki gasa har ya yi ƙus-ƙus, a riƙa tsomawa a romo. Wannan shi ne quesabirria da kike gani ana ɗauka a bidiyo. Gurasa ma ta karɓe shi, shinkafa ma haka. A kai ba a son tarkace: yankakkiyar ɗanyar albasa, ganyen kusbara, lemun tsami, da piya in lokacinta ne. Abin sha kuwa ki dafa zoɓo, ba ki bar Meksiko ba, can ma suna shan sa da sunan agua de jamaica.

In kina sayen kayan gwangwani ko na leda da aka shigo da su, ki karanta jikinsu. Tortillar fulawa da soyayyen wakensu a gargajiyance da man alade ake yi, a Sifaniyanci za ki ga manteca, a Turanci lard. Wasu girke-girken kuma suna cewa a zuba giya a romon, ki sa romon ƙashi da ƙarin cokalin khal a wurinta, babu abin da zai ragu.

Ragowar kar ki bar ta ta huce a cikin tangaran, yana riƙe ɗumi ya daɗe. Ki juye a faffaɗan mazubi tare da romonta, cikin awa biyu ta shiga firji, kwana uku zuwa huɗu, ko firiza in wutarku na tsayawa. Washegari ya fi daɗi, barkonon ya gama ratsa naman. A kan gas za ki ɗumama, ya tafasa sosai.

Daga nan ba na ganin tukunyarki, kuma suna bambanta, wasu sababbi sun fi tsofaffin zafi. Karon farko ki yi ranar Asabar kina gida, ki soka cokali a awa na bakwai, ki rubuta lokacin da ya yi a jikin kalanda. In kuma wancan naman na farko yana nan a firiza, ki ɗauraye shi da ruwan ɗumi yajin ya ragu, ki daka shi da albasa ki soya dambu.